Malam Kanta da Mutumin Bango

Idan ka shiga garejin motocin bas ta ƙofar baya, ka wuce ramin da kanikawa ke shiga ƙarƙashin mota, ka wuce tulin tsofaffin tayoyi, za ka tarar da wata taga mai sandunan ƙarfe. Bayan tagar nan sito ne, inda ake ajiye kayan gyara. Kantoci goma sha huɗu ne a ciki, kowace hawa biyar, kuma shekara ashirin da shida mutum ɗaya ne ya san inda kowane noti yake kwana. Shi ya sa kanikawa suka sa masa Malam Kanta, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Makullin sito yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Da shi yake wanka, da shi yake barci.

Tun yana ƙarami aka san ba kamar sauran yara yake ba. Marufan kwalba yake tarawa ya jera a gindin bango, ja da ja, kore da kore, kuma duk ranar da wani ya taɓa ɗaya gidan ba zaman lafiya. A makaranta malami ya canza masa wurin zama, ya shige ƙarƙashin tebur ya toshe kunne, aka yi duka har aka gaji bai fito ba. Maƙwabta suka ce iska ce. Dangi suka ce sangarta ce, uwar ce ta ɓata shi. Uwar ba ta tanka wa kowa ba, ta dai daina share gindin bangon nan. Sai da ya haura arba'in, bayan rasuwarta, ƙanwarsa Auta ta ja shi wurin likita. Likita ya yi tambayoyinsa, ya ce sunan abin otizim, kuma ba ciwo ba ne da za a sha wa magani, haka ƙwaƙwalwarsa take aiki.

"To madalla, an samu suna," in ji Auta a hanyarsu ta komawa gida. Malamar makaranta ce, bakinta ba ya jiran izini. "Saura a rubuta a allo a rataya maka a wuya, Yaya."

"Wuyana da makulli," ya ce.

A gidanta yake zaune, a ɗakin baya, inda ba mai shiga ya yi masa gyara. Ba ya kallon fuskar mutum, hannu yake kallo. Ba ya son a tsaya a bayansa, kuma idan ka ce masa "ina zuwa yanzu" sai ya duba agogo. Amma a bakin tagar nan babu irinsa. Babban bakanike, wanda kowa ke kira Baba Giris saboda ko ranar hutu sai ka ga maiƙo a bayan kunnensa, yakan zo ya buga ƙarfen taga da sifana.

"Malam Kanta, ba ni abin nan na abin nan."

"Boris na gaba, doguwar mota. Kanta ta shida, hawa na biyu."

"Kai wannan mutum! Ta ina ka sani?"

"Jiya mota mai lamba sha tara ta shigo tana kuka ta gaba. Tun safe kana ƙarƙashinta."

"Wallahi da kai mace ne da na aure ka."

"Ba zan yarda ba. Ba ka mayar da sifana wurinta."

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce kamfanin ya daina aiki da katin takarda, aka kawo kwamfutar hannu aka ɗaure a gefen taga. Manhajar da ke cikinta maɓalli huɗu gare ta a ƙasa, a jere daga hagu zuwa dama: Bayar, Karɓa, Babu, Soke. Ka ba bakanike kaya, ka danna na farko. Mota ta sauke sabbin kaya, na biyu. Abin da aka nema ya ƙare, na uku. An yi kuskure, na huɗu. Kowa ya ce Malam Kanta ba zai iya ba. Wata huɗu ya yi yana fama. Ya zana maɓallan a jikin kwali ya kai gida, yana cin abinci yana dannawa da babban yatsa. Ranar da yatsan ya haddace, ya tura kwalin ƙarƙashin katifa. Daga nan idonsa ya koma kan kayan da yake miƙawa, yana duba tsaga, yana duba lamba, yatsa kuwa yana aikinsa shi kaɗai. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ku riƙe wannan, domin daga baya babu wanda ya tuna da shi.

Wata Talata ya buɗe sito ƙarfe bakwai kamar kullum, ya kunna kwamfutar, sai taurari suka fashe a fuskarta, ƙararrawa ta kaɗa. Rubutu ya fito yana tsalle: "Albishirinka! Yanzu manhajarka tana koyon halinka. Abin da ka fi amfani da shi zai riƙa zuwa gaba da kansa."

Maɓallan suna nan guda huɗu, amma Karɓa ya hau wurin Bayar, domin jiya Litinin ranar sauke kaya ce.

"Wa ya taɓa?" ya ce. Ya sake cewa da ƙarfi, "Wa ya taɓa?"

Manajan garejin yana wucewa, waya a kunne. "Sabuntawa ce, Malam. Ci gaba ne. Ai ka iya karatu."

Ai ka iya karatu! Kamar a cire wa mutum matakala ɗaya daga benen gidansa kowace safiya, a mayar da ita wani wuri, sannan a ce masa ai kana da ido. Eh, yana da ido. Idon yana da aikin yi. Kuma ga mutum irin Malam Kanta, abin da ya tashi daga wurinsa ba ƙaramin abu ba ne da za a yi tsaki a wuce. Sai ya san dalili, in bai sani ba abin zai tsaya masa a ƙirji har a tashi aiki.

Ranar ya daure, yana karanta kowane maɓalli kafin ya danna, gumi na tsiyaya ta gefen kunnensa. Laraba Bayar ya dawo wurinsa, ya ɗauka sun gane kuskurensu sun gyara. Amma kayan da aka sauke a satin ba su cika ba, kanikawa suka yi ta zuwa neman filtar mai da fambel, shi kuma yana ta danna Babu. Alhamis da safe Babu ya haye gaba. Baba Giris ya zo karɓar takalmin birki na mota biyar. Malam Kanta ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa, yatsa ya sauka inda ya saba sauka shekara goma sha ɗaya. Sau biyar. An sa birki, an gwada, motoci lafiya lau, amma a ofis kwamfuta ta ce mota biyar ba su da birki, aka hana su fita. Mutane suka yi cirko-cirko a tasha, rana tana dukansu. Da yamma aka miƙo masa takardar gargaɗi ta farko ta cikin tagarsa.

Daga ranar ya daina yarda da yatsansa. Kowane aiki sai ya tsaya ya karanta, ya sake karantawa, ya danna, taurari su fashe, ƙararrawa ta kaɗa, rubutu ya ce "Ka yi ƙoƙari!" Layi ya fara taruwa a bakin taga, abin da ba a taɓa gani ba. Wata rana da azahar, ga ƙararrawa, ga sifana tana bugun ƙarfe, ga wani yana ihun motarsa za ta makara, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zagaya bayan kanta ta tara, ya zauna a ƙasa ya toshe kunne. Minti arba'in.

"Barin wurin aiki ba izini," in ji Manaja, yana sa hannu a takarda ta biyu.

"Ban bar wurin aiki ba. Ina bayan kanta ta tara."

"Kada ka mayar da ni abokin wasanka, Malam. Biyu ke nan. Ta uku in ta zo, makulli zan karɓa."

Da yammar nan Auta ta leƙa ɗakin baya ta tarar ya ciro tsohon kwalin nan, ya yanka shi gida huɗu, yana jera guntayen a kan katifa yana sake jerawa. Takardun biyu suna gefe, ya daidaita bakinsu. Ta karanta a tsaye.

"Yaya, sati uku ana yi maka wannan cin kashin ba ka faɗa mini ba?"

"Ba ki tambaya ba."

"Su wa suka yi wannan shegen abu?"

Sunan kamfanin da ya yi manhajar yana rubuce a ƙasan allo da ƙananan haruffa, ya haddace shi tun tuni. Auta ta nemo adireshin a wayarta, ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ita da ta zaci sai an haye teku! Tasha huɗu ne tsakaninsu da garejin, a kan layin da mai lamba sha tara take bi.

Suka je ranar Juma'a da safe, ta ɗauki izini a makaranta, shi ma ya ɗauka. Ofis ne babba ba bango a tsakiya, matasa kowa da abin sauraro a kunne, gilashin gefe cike da ƙananan takardu ruwan ɗorawa. Wanda ya tarbe su shi ne ogansu, saurayi mai farin takalmi wanda ko ƙura ba ta taɓa gani ba. Ya kira wadda ta zana sabon tsarin, wata siririya mai tabarau. Auta ta zazzage musu komai, tun daga taurari har mota biyar. Oga yana gyaɗa kai kamar an ɗaura masa zare.

"Hajiya, mun ji ki, kuma abin ya taɓa mu. Amma ki sani, wannan tsarin domin irinsu muka yi shi. Zo ku gani."

Ya kai su gaban wani bango. Hotuna biyar ne manya a manne, kowane da rubutu a ƙasa: ga tsohuwa, ga makaho, ga mai hannu ɗaya. Ya nuna na huɗu, wani matashi mai tsabta yana riƙe da jirgin ƙasa na wasan yara.

"Wannan Malam Shiru ke nan. Shi ne wakilin masu irin ƙwaƙwalwar yayanki. Duk abin da za mu zana sai mun tsaya a nan mun tambayi kanmu, me Malam Shiru zai so?"

Malam Kanta ya matsa ya karanta a fili, a hankali. "Shekara talatin da biyu. Yana son jiragen ƙasa. Ba ya son hayaniya. Yawan zaɓi yana rikita shi. Yabo yana ƙarfafa masa gwiwa." Sannan ya tambaya, "A ina yake aiki?"

Mai Tabarau ta gyara tabaranta. "Ai... ba mutumin gaske ba ne, Baba. Mu muka ƙirƙiro shi daga abin da muka karanta. Haka ake yi a wannan sana'ar."

"Hoton fa?"

"A intanet muka samo."

"Dakata, 'yar nan," in ji Auta. "Bari in gane, kada in ɗauki alhakinku. Kun zauna kun haifi mutum da injin buga takarda. Kun raɗa masa suna. Kun manna shi a bango. Sannan kuna zuwa da ƙafarku kuna neman shawararsa?"

"Hanya ce ta..."

"Yana amsawa? Ni dai wannan nake son sani. In kun tambaye shi, me yake cewa?"

Wani a bayan kwamfuta ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye.

"Ba shakka kun ji daɗin aiki da shi," ta ci gaba. "Ba ya musu, ba ya gumi, ba a ba shi takardar gargaɗi. Ga mutum nan da ransa, tasha huɗu daga nan, shekara goma sha ɗaya yana danna abinku sau ɗari a rana, ba wanda ya taka ya ce masa sannu. Sai takarda!"

"An rubuta ba ya son hayaniya," in ji Malam Kanta, yatsansa a kan layin. "Me ya sa kuka sa ƙararrawa?"

"Wani rukuni ne daban ya yi ƙararrawar," in ji Mai Tabarau, muryarta ta yi ƙasa. "Su layin ƙarshe suka ɗauka, na yabo. Ni na ɗauki na zaɓi."

"Ni zaɓi ba ya rikita ni. Kaya iri dubu uku da ɗari biyu da sha ɗaya ne a sitona. Ba sa rikita ni, domin ba sa yawo."

Hoton ya ɗan karkace. Ya sa hannu biyu ya daidaita shi, sannan ya juya ya nufi ƙofa.

Gaskiya a faɗe ta, Mai Tabarau ta zo. Litinin ƙarfe bakwai tana bakin sito da ɗan littafi, ya nuna mata inda za ta tsaya: a gefe, ba a bayansa ba. Awa uku ta yi tana kallo. Ta ga yadda yatsan ke tafiya kusurwar hagu da kansa, ya tsaya cak a iska, ya ja baya, ido ya bar kaya ya zo ya karanta. Ta ga kafaɗarsa tana zabura duk sanda ƙararrawa ta kaɗa. Tun tana rubutu har ta rufe littafin.

Baba Giris ya zo taga, ya kalle ta sama da ƙasa. "Ke ce mai rawar maɓalli?"

"Ni ce, Baba."

"To bari in faɗa miki abin da ko matata ba ta sani ba." Ya waiga, ya rage murya. "Ni haruffa ba sa tsaya mini wuri ɗaya. Tun ina makaranta, in na kalli rubutu sai in ga yana ninkaya. Mu ma kanikawa muna da tamu kwamfutar, ita ma wurin maɓallan na haddace, shekara da shekaru ba wanda ya gane. Yanzu sai in kira wani in ce idona ya yi ƙura, duba mini. Ni, da furfurata! Ina bangonku? Akwai ni a ciki?"

"Babu, Baba."

"Alhamdu lillahi."

Ta ce gyaran ba wuya. Ɗan makunni ne guda ɗaya, ka kunna shi komai ya tsaya a inda yake, taurari da ƙararrawa su mutu. Aikin da bai kai awa ɗaya ba.

"To yi yanzu," in ji Malam Kanta.

Ashe ba a yi yanzu. Sabuntawa ba ta fita sai duk bayan sati shida, kuma ta wannan karon an riga an rufe ta. Kowane gyara sai an rubuta shi a 'yar takarda ruwan ɗorawa an liƙa a gilashi ya bi layi. Washegari ta kira Auta a waya, murya kamar ta mai gaisuwar mutuwa: Oga ya yarda, amma takardar ita ce ta arba'in da ɗaya. Motsa maɓallai bai jira kowa ba, tsayar da su ne sai an bi layi. Mai Tabarau ta je da kanta ta roƙi Manaja ya yi haƙuri da Malam Kanta zuwa lokacin.

"'Yan mata, ni ba ruwana da gilashinku," ya ce. "Motoci nake fitarwa."

Sai Malam Kanta ya nemi mafita da kansa, kuma irin mafitar da shi kaɗai zai nemo. Ya riga ya gane dokar abin: wanda aka fi dannawa yau shi ke gaba gobe. To, in Bayar ya fi Karɓa, Karɓa ya fi Babu, Babu ya fi Soke, ai gobe za su tashi a yadda ya san su. Ya samo ɗan kati yana jan layi duk sanda ya danna. Kafin a tashi aiki sai ya duba. In lissafin ya karkace, sai ya ɗauko noti ɗaya daga kanta ta farko ya kira Baba Giris.

"Karɓi."

"Me zan yi da shi?"

"Riƙe." Ya danna Bayar. "Dawo da shi." Ya danna Karɓa. "Karɓi."

"Malam Kanta, wai hauka muke yi ko aiki?"

"Saura sha bakwai."

Ba zai danna Bayar bai bayar ba, wannan ƙarya ce, shi kuwa ba ya ƙarya. Dole notin ya fita ta taga ya dawo ta taga. Baba Giris, mutum mai jikoki, ya tsaya kullum da yamma yana miƙa noti yana karɓar noti, kanikawa suna dariya suna ƙirga musu da ƙarfi. Washegari da safe kuwa maɓallan suna nan a jere kamar dā. Ya rufe bakin lasifikar da ɗan salatif, ya liƙa kwali a inda taurari ke fashewa. Kwana tara layi bai taru a taga ba. Kwana tara ba kuskure ko ɗaya. Auta ta ce har ƙarin abinci ya fara nema.

A rana ta goma wani a babban ofis ya ga noti ɗaya ya fita sito ya dawo sau ɗari biyu da wani abu.

"Wasa da bayanan kamfani," in ji Manaja. Takarda ta uku tana gabansa, an riga an buga.

"Ba wasa ba ne. Na bayar, na karɓa."

"Ranka ya daɗe, ni ne shaida," in ji Baba Giris daga bakin ƙofa, hula a hannu. "Hannuna notin ya shiga. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba. Mutumin nan gyara muku ya yi, abin da masu farin takalmi suka kasa."

"Kai ma ka yi hankali da kanka. Malam, makulli."

Ya tsaya. Ya kai hannu wuya ya kasa kwance ƙullin, domin shekara ashirin da shida ba a kwance shi ba. Manaja ya miƙo almakashi. Bai karɓa ba. Ya zauna a ƙasan ofishin, ya yi ta fama da farce har ƙullin ya saki, ya zare makullin ya ajiye a tebur, daidai da bakin takardar. Igiyar ya mayar wuyansa.

Ba su kore shi ba, kada a ce ba su da imani. Ƙofar gaba suka kai shi, kan kujerar roba, yana ɗaga wa motoci sanda. Wurin da ya fi ko'ina ƙarar hon a garejin, nan suka ga ya dace da mutumin da ƙararrawa ɗaya ke zaburarwa. Sito kuwa aka ba wani daga ofis, mai kirki ne, ya iya karatu sosai, yakan yi minti ashirin yana neman fambel.

Bayan sati shida sabuntawar da ke ɗauke da gyaran ta fito. Taurari suka fashe, rubutu ya yi tsalle: "Mun saurare ku!" Ga ɗan makunnin nan, an rubuta a jikinsa "Bar komai a wurinsa." Kafin azahar duk kanikawan garejin sun kunna shi, sabon mai sito ma ya kunna, har Manaja ya kunna a tasa. Auta ta je ofishin Manaja a ranar ta ce to, an gyara, a mayar wa yayanta makullinsa.

"Hajiya, uku uku ce. Tana cikin fayil."

"Fayil ɗin ma takarda ce ko? Wallahi ku duka dangi ɗaya ne."

Ta fito tana huci ta tarar da Mai Tabarau tsaye a bakin ƙofa gaban kujerar roba, ta rungume jakarta. Ta zo ne ta nuna masa gyaran da idonsa. Ya duba, ya kunna makunnin, ya kashe, ya kunna.

"Ya yi," ya ce.

"Baba, akwai kuma saƙon Oga." Ta kasa ɗaga ido. "Mun cire Malam Shiru daga bango. Oga ya ce in ka yarda a ɗauki hotonka, a rubuta bayaninka, a sa a madadinsa. Wai don kada mu sake mantawa."

Auta ta buɗe baki, kuma abin da ke shirin fitowa ba mai daɗi ba ne. Ya ɗaga mata hannu. Bai taɓa yi mata haka ba, sai ta yi shiru don mamaki.

"A'a," ya ce, yana kallon hannun Mai Tabarau. "In kun manna ni a bango, shi za ku riƙa tambaya. Shi kuma ba zai ce muku a'a ba. Ni ina nan, ƙarfe bakwai zuwa huɗu. Tasha huɗu ne. Ki hau mai lamba sha tara, an gyara mata boris."

Wata doguwar mota ta danno hon a bayansu, kafaɗarsa ta zabura. Ya tashi ya ɗaga sanda, ta wuce, ya sauke. Daga can cikin gareji Baba Giris ya taho da sauri, hannu duk maiƙo, yana ihu tun daga nesa.

"Malam Kanta! Sabon mai siton nan ya ce wai babu abin nan na abin nan!"

"Akwai. Kanta ta sha ɗaya, hawa na huɗu, bayan kwalin fulogi. Guda bakwai." Ya koma ya zauna, yatsansa yana murza igiyar da ke wuyansa. "In bai motsa su ba."